HUMBOLDT: BAJAMUSHEN DA YA ƘARAR DA GADONSA WAJEN BIN TSIRE-TSIREN KAN DUWATSU

Duk ɗan Arewan da ya yi zaman Ikko ko Badun ko Anaca ya san abin da kan faru in ya shiga kasuwa neman shuwaka. Yarbawa su ce da ita ewuro, Ibo su ce onugbu, in kuwa ka ƙetara Kamaru sai ka ji ana kiranta ndole. Ganye ɗaya, ɗaci ɗaya, amma suna huɗu. Masanan tsire-tsire sun daɗe da fama da wannan rikici, don haka suka yarda a raɗa wa kowane tsiro suna guda na harshen Latin mai kalma biyu, ta farko ta gidansu, ta biyu tasa ta kansa. Wani masani na ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus shi ya kafa wannan tsari a cikin 1753. A bisa tsarin nan sunan shuwaka Vernonia amygdalina, ko a Kano ko a Landan.

To, shuwaka 'yar babban gida ce. Danginta sun haura iri 25,000, masana suna kiransu Asteraceae ko Compositae. A cikinsu akwai latas da tazargade da ƙashin yawo, da furen nan mai bin rana wanda a ke matse mai daga 'ya'yansa. Alamarsu ita ce abin da ido ke gani kamar fure ɗaya, in ka duba da kyau tarin ƙananan furanni ne jere bisa faifai guda. Waɗansu daga cikin dangin nan sun hau manyan duwatsun duniya har gab da inda ƙanƙara ta ke. Mutumin da za mu ba da tarihinsa yau, watau Alexander von Humboldt, shi ne ya bi su can bisa da ƙafarsa, ya auna inda kowane ya ke zaune, ya kuma biya kuɗin raɗa musu suna daga aljihunsa har aljihun ya ƙare.

ƘURUCIYARSA

An haifi Humboldt a birnin Barlin ran 14 ga watan Satumba, 1769, zamanin da wannan yanki na Jamus ya ke ƙarƙashin Sarkin Furusiya. Ubansa hafsan soja ne kuma bafaden sarki, ya mutu a 1779 yaron bai cika shekara goma ba. Uwarsa mace ce mai dukiya da tsanani, ita ta ɗauko malamai suna koyar da shi da wansa Wilhelm a gidansu na Tegel. Wilhelm shi ne mai saurin haddace karatu, shi ne kuma daga baya ya zama masanin harsuna har ya kafa Jami'ar Barlin a 1810. Ƙanen kuwa hankalinsa yana daji, kullum aljihunsa cike da ƙwari da ganyaye da tsakuwa.

Uwar ta so ya zama ma'aikacin gwamnati, ya kuwa bi umurninta. Ya yi karatu a Gottingen, sa'an nan ya shiga makarantar haƙar ma'adinai ta Freiberg a 1791, wurin wani malami Werner. Kafin wannan, wani saurayi masani a Barlin mai suna Willdenow ya riga ya koya masa yadda a ke tara tsire-tsire a busar da su a gane danginsu. A 1792 aka naɗa shi sufeton ma'adinai. Da ya ga yadda leburori ke mutuwa a cikin ramuka saboda rashin sani da mugunyar iska, sai ya buɗe musu makaranta kyauta da kuɗinsa, ya kuma ƙera wata fitila mai ci a inda iska ta yi ƙaranci. Wajen gwada fitilar nan ya taɓa suma a cikin rami, sai janyo shi aka yi.

A watan Nuwamba na 1796 uwarsa ta mutu, ya gaji dukiya mai yawa. Bai yi wata-wata ba ya ajiye aikin gwamnati, ya shiga sayen kayan awo, don tun yana yaro babu abin da ya ke so kamar tafiya ƙasashe masu zafi.

TAFIYAR SHEKARA BIYAR

A Faris ya gamu da wani likita Bafaranshe mai son tsire-tsire, Aimé Bonpland, suka ƙulla abota. Niyyarsu ta farko su je Masar, amma yaƙin Napoleon ya tare hanya. Sai suka nufi Sifen, inda Sarki Carlos na Huɗu ya ba su takardar izinin shiga duk ƙasashen da ya ke mulki a Amurka, abin da ba safai a kan ba baƙo ba. Ran 5 ga Yuni, 1799 jirginsu ya tashi. Suka yada zango a tsibirin Tenerif, suka hau dutsen Teide mai tsawon fiye da mita 3,700. A nan Humboldt ya fara lura da yadda tsire-tsire ke sakewa hawa-hawa, na gindin dutse daban, na tsakiya daban, na ƙoli daban.

Ran 16 ga Yuli suka sauka Kumana, a ƙasar da yanzu a ke kira Benezuwela. Masaukinsu yana kallon kasuwar bayi, ya ga ana buɗe bakin mutanen Afirka ana duba haƙoransu kamar dawaki. Wannan abu bai bar zuciyarsa ba har ya mutu. A 1800 suka ratsa fadamun ƙasar, ya ga yadda sare daji da janye ruwa zuwa gonaki suka sa tafkin Valencia yana ja da baya, ya kuwa rubuta gargaɗi a kai. Ya kama wani irin kifi mai girgiza mutum kamar minjirya, ya gwada shi a jikinsa. Suka bi kogin Orinoko cikin kwalekwale, sauro yana cinsu dare da rana, har suka tabbatar akwai wani rafi, Kasikiyare, da ya haɗa ruwan Orinoko da na Amazon. Zazzaɓi ya kusa kashe Bonpland a wannan tafiya.

Bayan sun leƙa Kiyuba, suka dawo suka hau kogin Magdalena, suka isa Bogota a watan Yuli na 1801. Garin yana bisa tudu mai tsawon mita 2,600. A can akwai wani dattijo, limamin coci kuma likita, José Celestino Mutis, wanda ya shekara da shekaru yana tara tsire-tsiren ƙasar tare da masu zane da yawa. Ya karɓe su hannu bibbiyu, ya buɗe musu duk abin da ya tara.

SUFAYEN KAN DUTSE

A duwatsun Andes na wannan yanki, in ka wuce mita 3,000 da 'yan kai, sai daji ya ƙare, ka fito wani fili mai sanyi da hazo wanda mutanen ƙasar ke kira paramo. Da rana zafin rana ya ƙona fata, da dare raɓa ta daskare, haka kowace rana duk shekara. Sarkin wannan fili wani ɗan'uwan shuwaka ne. Yana da gangar jiki guda miƙaƙƙiya, wani ya kan fi mutum tsawo, a kansa kuma akwai tulin ganyaye masu gashi fari kamar kunnen zomo, da furanni rawaya. Busassun ganyayensa ba su faɗuwa, sai su lulluɓe gangar jikin kamar bargo, su tsare ta daga sanyin dare. Girmansa a hankali ne ƙwarai, waɗansu irinsa ba su wuce kamar santimita ɗaya a shekara. In hazo ya sauko ka hango su tsaitsaye sai ka ce mutane ne cikin burgumemen riguna, shi ya sa Sifaniyawa suka ce da su frailejón, watau babban sufin coci.

Mutis ya riga ya raɗa wa tsiron nan suna Espeletia, don girmama Ezpeleta, wakilin Sarkin Sifen da ya yi mulkin ƙasar. Amma dattijon mai jinkirin buga littafi ne, a wurin masana kuwa suna ba ya zama suna sai an buga shi tare da bayanin kamannin tsiron. Humboldt da Bonpland su suka buga shi a littafinsu na tsire-tsiren ƙasashe masu zafi, suka bar sunan yadda Mutis ya raɗa, suka kuma sadaukar da littafin gare shi. Shi kansa Mutis akwai wani gida na dangin nan mai sunansa, Mutisia, wanda ɗan Linnaeus ya raɗa.

Daga Bogota suka bi mashigin Kindiyo. Al'adar wurin ita ce matafiyi mai kuɗi ya zauna bisa kujerar da aka ɗaura a bayan ɗan dako, a hau dutse da shi. Humboldt ya ƙi yarda a goye shi, ya taka da ƙafarsa cikin taɓo har takalmansa suka yayyage. A watan Janairu na 1802 suka shiga Kito, babban birnin Ekwado a yau.

RANAR CIMBORAZO

A wancan zamani Turawa sun ɗauka dutsen Cimborazo shi ne mafi tsawo a duniya, don ba a riga an auna na Himalaya ba. Tsawonsa ya ɗan haura mita 6,260. Ran 23 ga Yuni, 1802 Humboldt ya tasam masa tare da Bonpland, da wani saurayi ɗan manyan Kito mai suna Carlos Montúfar, da wani mai yi musu hidima. Da suka kai ga ƙanƙara 'yan dako suka juya. Su huɗun suka ci gaba, wani wuri da rarrafe, bisa wani siririn doro mai rami dama da hagu. Numfashi ya yi wuya, jiri da tashin zuciya suka kama su, dasashi da leɓɓansu suna zub da jini.

Duk da haka a kowane ɗan zango Humboldt ya kan tsaya ya kafa ma'aunin nauyin iska, watau wani dogon bututun gilashi mai zaiba a ciki. Iska tana raguwa nauyi in ana hawa, don haka saukar zaibar ita ke nuna tsawon da aka kai. Ya auna sanyi, ya rubuta tsiron da ya gani na ƙarshe. Wani ƙaton tsagi a cikin dutsen shi ya tsai da su. Bisa ga awonsa sun kai wajen mita 5,900, ko da ya ke masu bincike na baya suna ganin bai kai haka ba. Ba a hau ƙolin dutsen ba sai a 1880, sa'ad da wani Ba'ingile, Whymper, ya kai.

Abin da ya sauko da shi ya fi hawan kansa amfani. Mai karatu da ya saba bin mota daga Ikko zuwa gida ya san yadda kwakwar manja da kurmi ke ƙarewa, a shiga ƙasar ɗorawa da kaɗanya, can gaba kuma sai kuka da ƙaya. Wannan sakewa ta kan ɗauki ɗaruruwan kilomita, ruwan sama ne ke jawo ta. Humboldt ya gane cewa a kan dutse sanyi yana yin irin wannan aiki cikin tafiyar 'yan kwanaki, har ya zama hawan babban dutse a ƙasa mai zafi kamar tafiya ce daga tsakiyar duniya zuwa ƙasashen ƙanƙara. Wannan ne dalilin da ya sa dankalin Turawa ya ke yi a Jos, shayi kuma a Mambila.

A farkon 1803, yana jiran jirgi a Guwayakil, ya zana hoton dutsen an tsaga shi biyu, ya rubuta sunayen tsire-tsire a cikinsa kowane daidai tsawon da ya ke rayuwa, a gefe kuma ya jera awon sanyi da iska da iyakar ƙanƙara. An buga hoton nan a 1807 tare da littafinsa kan yadda tsire-tsire suka rarrabu a bayan ƙasa. Daga nan wannan fanni na ilmi ya tsaya da ƙafarsa.

Akwai wani abu da bai kamata a ɓoye ba. Wani ɗan ƙasar Kolambiya, Francisco José de Caldas, wanda ya koya wa kansa ilmin taurari da awo, shi ma yana zana irin waɗannan taswirori na tsire-tsire da tsawon ƙasa a daidai wannan lokaci. Sun gamu da Humboldt, sun yi musanyar sani, Caldas ya roƙi a tafi da shi, amma Humboldt ya zaɓi Montúfar. Abin ya yi wa Caldas zafi ƙwarai. Sunan Bature ya cika duniya, na ɗan ƙasa kuwa ya daɗe a rufe. A 1816 sojan Sifen suka harbe Caldas da Montúfar duka biyu saboda neman 'yancin ƙasashensu.

RAƊIN SUNA DA ƘAREWAR DUKIYA

Daga Ekwado suka gangara Feru, inda ya auna sanyin igiyar ruwan tekun da yanzu ke ɗauke da sunansa. Suka shekara guda a Meziko, suka biya Amurka ya gana da Shugaba Jefferson, suka sauka Faransa a watan Agusta na 1804. Sun komo da busassun tsire-tsire wajen 60,000 na iri kamar 6,000, kusan 2,000 daga ciki masanan Turai ba su taɓa ganinsu ba.

Daga Meziko ya aika wa Willdenow irin wani fure na dangin shuwaka, wanda labarinsa ke nuna yadda dokar suna ta ke. Wani masani a Madrid, Cavanilles, ya riga ya sa masa suna Dahlia a 1791. Willdenow ya sake masa suna Georgina, a zatonsa an riga an ba wani tsiro sunan farko. Daga baya masana suka tsaya a kan Dahlia, don suna na wanda ya riga bugawa ne. Amma har yau a Rasha da sunan Willdenow a ke kiran furen.

Tarawa ta fi raɗin suna sauƙi. Bonpland gwani ne a daji amma zaman tebur yana gundurarsa, ga shi kuma ya karɓi aikin kula da lambun Josephine, matar Napoleon. Willdenow ya zo Faris ya taimaka, sai ya mutu a 1812. A ƙarshe wani saurayi, Carl Kunth, shi ya ɗauki nauyin, ya fitar da littattafai bakwai tsakanin 1815 da 1825, na huɗunsu ya ƙunshi dangin shuwaka. A ciki ya raɗa wa wani ɗan guntun tsiro mai manne wa ƙasa a ƙolin Andes suna Werneria, don tunawa da Werner, malamin Humboldt na Freiberg. Wani kuma mai ganye kamar auduga Humboldt da Bonpland sun kira shi Culcitium, daga kalmar Latin mai nufin katifa. Masana na baya suka mai da shi cikin gidan Senecio. Saboda haka ne in ka ga haruffa H.B.K. a bayan sunan tsiro a tsofaffin littattafai, Humboldt da Bonpland da Kunth a ke nufi.

Labarin tafiyar duka ya ci manyan littattafai wajen talatin, da zane-zane masu launi da aka yi da hannu. Humboldt shi ya biya masu zane da maɗaba'a, har gadon uwarsa ya ƙare ƙaf, ya koma dogara ga albashin bafaden Sarkin Furusiya. Bonpland kuwa ya koma Amurka ta Kudu, mai mulkin Faraguwai ya kama shi a 1821 ya tsare shi kusan shekara goma. Humboldt ya yi ta rubuta takardun roƙo, haka ma Simon Bolivar, ba a sake shi ba sai 1831. Abokan biyu ba su sake ganin juna ba.

TSUFANSA

A 1826 ya buga littafi kan Kiyuba wanda a ciki ya la'anci bauta ba tare da kwana-kwana ba, hukumar tsibirin ta hana sayar da shi. Da wani Ba'amurke ya fassara littafin a 1856 ya cire babin bayi, tsohon ya fito a jarida ya tona shi. Da ƙoƙarinsa ne kuma Furusiya ta yi doka a 1857 cewa duk bawan da ya taka ƙasarta ya zama ɗa.

Ya so ƙwarai ya je Himalaya ya gwada da Andes, amma kamfanin Ingilishi mai mulkin Indiya bai ba shi izini ba. A 1827 sarki ya kira shi gida Barlin, inda ya yi ta lacca kyauta, attajiri da lebura da mata duk suna cika zaure. A 1829, yana gab da shekara sittin, ya ratsa Rasha fiye da kilomita 15,000 har iyakar Sin. A 1845 ya fara fitar da babban littafinsa, Kosmos, wanda a ciki ya so ya haɗa bayanin sama da ƙasa wuri guda. Darwin yana saurayi ya yi ta karanta labarin tafiyarsa. Abokinsa Carl Ritter kuwa shi ya koyar da Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim.

Humboldt bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Ya mutu a Barlin ran 6 ga Mayu, 1859, yana da shekara 89, da bashi a kansa, 'yan kayansa kuma ya riga ya mallaka wa baransa. Aka binne shi a Tegel kusa da wansa.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Bayan mutuwarsa aka ga tsire-tsire masu kama da sufayen Andes a kan Kilimanjaro da dutsen Kenya da Ruwenzori a Gabashin Afirka, su ma dangin shuwaka ne, da gangar jiki guda da bargon busassun ganye da tulin ganye a ka. Yanzu ana kiransu Dendrosenecio. Ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne da Espeletia, kowane daga nasa reshen ya fito, irin sanyin dare da zafin rana da suka sha ne ya ba su kama ɗaya. Wannan ya gaskata maganar Humboldt cewa yanayin wuri shi ke tsara siffar abin da ke tsirowa a cikinsa.

Awonsa har yanzu yana aiki. A 2012 waɗansu masana suka sake hawa Cimborazo riƙe da bayanansa, suka ba da rahoto a 2015 cewa tsire-tsire sun matsa sama fiye da mita 500. A 2019 waɗansu suka binciki takardunsa suka gano yawancin tsire-tsiren ƙoli da ya sa a hotonsa a dutsen Antisana ya tara su, da suka auna can sai suka sami matsawar mita 200 da wani abu. Ko wanne aka ɗauka, magana ɗaya ce: duniya tana ɗumama, tsire-tsiren sanyi suna gudu sama, dutse kuwa yana da iyaka. Abin ya shafi mutane kai tsaye, domin ganyayen Espeletia suna kama ruwan hazo, ƙasar paramo tana riƙe shi kamar soso, daga can ne kuma yawancin ruwan shan birnin Bogota ke gangarowa. Tun 2012 Kolambiya ta sa hoton tsiron nan a jikin kwabonta na feso 100.